Inna za ta hau jirgi daga Damagaram: abin da za ta tarar da abin da ya kamata a yi mata

Ƙanena, tambayarka ta iso, ga kuma yadda na fahimce ta. Inna tana fama da ciwon gwiwa, likita ya tura ta Yamai, kuma kuna da niyyar in Allah ya ba ta sauƙi ta wuce Umara daga can. Ba ka son ta sha zaman mota, kana tunanin sa ta a jirgi daga filinmu na Damagaram, amma ba ta taɓa hawa ba, ba ta kuma jin Faransanci. Kana son sanin abin da za ta tarar, yadda ake gane fili mai kyakkyawar hidima, da dalilin da ya sa filin yake cikin na ƙasa da ƙasa alhali masu fita waje sai sun bi ta Yamai ko Kano. Na yi shekaru ina aikin ƙasa, wato tarbar jirgi, awon kaya, shigar da fasinja da sallamar jirgi, kuma daga abin da na gani can zan ba ka amsa.

Idan akwai jirgi a makon da ya dace, kuma aljihu zai ɗauka, ka sa ta. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kuma motar da ta tashi da asuba sai dare take shiga gari. Mai ciwon gwiwa ta wuni ƙafa a lanƙwashe ba ƙaramar azaba ba ce. Jirgi mai farfela yana cinye wannan tazara cikin awa biyu ko ƙasa da haka in bai yada zango ba. Sharaɗi ɗaya zan kafa maka: kada ranar tafiya ta zama ranar ganin likita ko jajibirinta. Ka bar kwana biyu a tsakani. Ka kuma je ofishin kamfanin da ƙafarka ka tabbatar da jadawalin wannan makon, domin jadawalin jiragen cikin gida yana yawan sauyawa.

Mutane da yawa gini suke fara dubawa in ana zancen ingancin fili. An yi wa filin Damagaram aiki lokacin Zinder Sabuwa, bikin 18 ga Disamba na 2018, an kuma sabunta na Diori Hamani a Yamai a 2019 kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma duk ayyukan biyu sun yi rana. Amma a wurina ma'aunin farko a ƙaramin fili shi ne magana. Ana gaya wa fasinja gaskiyar abin da ake ciki, a kan lokaci, cikin harshen da yake ji? Babban fili yana da allunan sanarwa, shaguna, da wani jirgin da zai tashi bayan awa ɗaya in wannan ya ƙi. Mu ba mu da wannan. Jirgi ɗaya ne a yini, wani lokaci ƴan kwanaki a mako, don haka duk abin da ya taɓa shi ya taɓa tafiyar fasinja gaba ɗaya. Wanda aka gaya wa dalili yana iya jiran awa huɗu ya fita yana sa albarka. Wanda aka bari yana kallon ƙofa, minti arba'in ma sun ishe shi ya rantse ba zai ƙara ba.

Kafin ka yi ƙorafi ko yabo, ka san wa ke riƙe da me, domin fili ɗaya ne amma masu aiki a ciki ba gida ɗaya suke ba. Kamfanin jirgi shi ya sayar maka da tikiti, shi ke da alhakin lokacin tashi, kayanka, da kula da kai in an samu jinkiri. Masu tafiyar da filin su ke da ɗakin jira, wuta, ruwa, ban ɗaki, titin jirgi da shinge. Filayen jihohinmu AANN, sashen ayyukan filayen jiragen sama na ƙasa, ce ke kula da su. Jagorancin jirage a sararin sama aikin ASECNA ne, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959 mai mazauni a Dakar. ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, ita ce mai sa ido a kan kowa a fannin, ita ke ba kamfani lasisi kuma ita ke iya janye shi. Sai ƴan sanda da jandarmomi masu tsaro da duba takardu, ƴan duwan masu duba kaya in jirgin na ƙetare ne, da jami'an lafiya. Sau da yawa na ga fasinja ya sauke fushinsa a kan ɗan sandan ƙofa saboda jirgi ya makara, alhali mutumin bai san inda jirgin yake ba. Wanda za ka nema a irin wannan hali shi ne wakilin kamfanin a filin, shugaban masu sallamar jirgi. Ka tambayi sunansa da lambarsa tun ranar sayen tikiti.

Yanzu ga jinkiri, wanda shi ne abin da ya fi ci wa mutane rai. Dalilin da ya fi yawa ba a Damagaram yake farawa ba. Jirgin da zai ɗauki Inna ba a nan yake kwana ba. Daga Yamai yake tasowa, ya bi garuruwa kamar motar kasuwa da ke zagaya ƙauyuka, wataƙila ya sauka Maraɗi ko Agadas, wataƙila ya wuce Difa kafin ya juyo. Rabin awar da ya rasa a zangon farko tana bin sa har na ƙarshe, tana ƙaruwa. Kamfani mai jirage biyu ko uku kuwa, in ɗaya ya samu ƴar matsalar da dole injiniya ya duba, babu na ajiye da zai maye gurbinsa. Lokacin da Niger Airlines ya fara aiki a 2014, da Fokker 50 ya fara, jirgi mai kujeru kusan 50, kuma irin wannan girman ne ya dace da yawan fasinjan jihohinmu. Farin jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya da kake gani yana sauka, na UNHAS, ba na haya ba ne. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji yake ɗauka, don haka kada ka sa shi a lissafi.

Na biyu shi ne hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga arewa maso gabas, wata rana ka tsaya a Birni ba ka hango duwatsun da ke gabanka. Masu lura da yanayi a fili suna auna nisan da ido ke iya gani, a mita, suna aika rahoto lokaci-lokaci. Kowane titin jirgi yana da ƙaramin adadin da in ganin ya gaza shi ba a yarda matuƙi ya gwada sauka ba, kuma adadin ya danganta da na'urorin jagorar sauka da aka girka a filin. Inda na'urorin suka cika ana iya sauka cikin hazo mai kauri. Inda ba su kai haka ba sai an jira gari ya ɗan washe. Shi ya sa za ka ga rana tana sama, babu hadari babu iska, amma a ce jirgi ba zai zo ba. Mutane kan ɗauka ƙarya ake yi musu. Matuƙin da ya ƙi tasowa a irin wannan rana ya yi daidai, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma ni ban taɓa jin haushin matuƙi a kan haka ba.

Na uku zafi ne, kuma wannan ne mutane suka fi kasa ganewa. A Afirilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, garin kuma yana bisa tudu, sama da mita 400 daga tsayin teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun ɗagawa yadda suke so, injin ma ƙarfinsa yana raguwa. Titin ba ya ƙara tsawo, saboda haka nauyi ake ragewa. Kafin kowane tashi ana cika takardar nauyi da daidaito: jirgin kansa, mai, fasinjoji, kaya, da inda aka ɗora kowanne. Man da zai kai jirgi inda za shi, da na ko-ta-kwana in aka juya shi wani fili, ba a taɓa shi. In lissafi ya ƙi, akwatuna ake saukewa su biyo jirgi na gaba. Wanda ya isa Yamai bai ga jakarsa ba yakan ce an sace, alhali sau da yawa tana nan a ɗakin kaya a Damagaram. Laifin da nake gani a nan ba sauke kayan ba ne. Laifin shi ne a bar mutum ya hau bai sani ba, wataƙila maganinsa na cikin jakar.

Da damina kuma hadari yakan taso daga gabas da bangon ƙura a gabansa, a dakata har ya wuce. Wannan ba ya daɗewa. Abin da ke mai da jinkiri ya zama sokewa shi ne yamma: fili yana da sa'o'in aiki, saukar dare tana buƙatar fitilun titi da injin wuta na ko-ta-kwana, matuƙa kuma doka ta yanke musu iyakar awannin da za su yi a bakin aiki. In awannin suka cika, ko jirgi lafiyarsa ƙalau, sai gobe.

Duk waɗannan ba wanda ke da iko a kansu a ɗakin jira. Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne bakinsa da ƙafarsa. Abin da nake koya wa yaran da suka yi aiki tare da ni shi ne, kada ka ɓuya a ofis. Ka fito tsakiyar ɗaki, ka yi sallama, ka faɗa da Faransanci sannan ka maimaita da Hausa, in jirgin Difa ne ka nemi mai jin Barbarci ya ƙara. Ka ce jirgi bai taso daga Yamai ba, hazo ne, zan dawo ƙarfe goma sha ɗaya da rabi in gaya muku abin da ake ciki. In lokacin ya yi ka dawo, ko da ba abin da ya canza. Kada ka ce "yanzu-yanzu" in ba ka ga jirgin ya taso ba. Ka zagaya wurin tsofaffi da masu goyo ka tambaye su ko sun ci abinci, ko akwai mai shan magani a kan lokaci. Wannan ba ya cin ko dala, kuma shi ne rabin hidimar. Filin da ka ga ana yin haka, ka yaba masa ko da kujerunsa na ƙarfe ne.

Fasinja yana da haƙƙi a rubuce. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda Nijar take ciki, ta fitar da doka a 2003 kan abin da ya wajaba ga kamfani in ya hana mai tikiti hawa, ya soke tafiya, ko ya yi dogon jinkiri: a ba shi zaɓi tsakanin mayar da kuɗi da sauya masa jirgi, a kuma kula da shi yayin jira. Mu da muke gida, sokewa tana nufin komawa Zango ko Birni a kwana. Amma wanda ya taso daga Gure, Tanut ko Magarya don wannan jirgin, masauki da abinci ba alfarma ba ne gare shi, ya nema. Ka roƙi a ba ka shaidar jinkiri ko sokewa a rubuce da hatimi. In kamfani bai saurare ka ba, ka kai takardar ANAC.

Sai kaya. Ka duba kilo nawa aka rubuta a tikitinta, domin ƙananan jirage ba sa ba da abin da manya ke bayarwa, ka auna a gida kafin ku fito. Na san yadda ake haɗa wa tsohuwa kaya in za ta wurin dangi: kilishi a naɗe cikin takarda, alkaki, daddawa, kuka, yaji, sai kwalbar man shanu ko zuma da aka toshe bakinta da leda. Busassun ba matsala. Man shanu da zuma su ne fitina, domin a sama iskar cikin kwalba tana kumbura ta tura murfi, a buɗe ɗakin kaya a tarar ya jiƙe akwatin wani. A zuba a roba mai murfin murɗawa, kada a cika ta fal, a naɗe da leda biyu, a sa a jakar da za a auna. A jakar hannu ba a wucewa da ruwa ko mai da ya haura mililita 100 a mazubi ɗaya, kuma turare yana cikin wannan hukunci. Wuƙa, almakashi da reza su tafi cikin babbar jaka. Batirin ajiyar caji, wanda ake ce wa fawa-banki, akasin haka ne: a hannu yake tafiya, ba a yarda ya shiga ɗakin kaya ba saboda yana iya kamawa da wuta.

Magungunanta, takardun likita, hotunan gwiwa, kuɗi, waya da kaya sawa ɗaya duk su zauna a jakar hannu. In an auna babbar jaka za a ɗaura mata lamba, a manna ƴar guntuwar lambar a bayan katin shiga jirgi. Wannan ƴar takarda ita ce shaidarta kaɗai. Ka ɗauki hotonta da na jakar a wayarka, ka ɗaura wa jakar ƙyalle mai launin da Inna za ta gane daga nesa. In jaka ba ta fito ba ko ta fito a fashe, kada a bar filin sai an cika takardar rahoton kaya a wurin wakilin kamfani an karɓi kwafi. A tafiyar ƙetare, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 don kai ƙarar kayan da suka lalace, da kwana 21 don waɗanda suka makara, kuma a rubuce. Ka riƙe wannan don tafiyar Umara.

Wurin da na fi so ka shirya ta shi ne bincike, domin nan ne tsofaffinmu suka fi jin an taɓa mutuncinsu. Ka zaunar da ita a gida ka bayyana mata: za ta ɗora jaka a na'ura, za ta wuce ta wata ƙofa mai ƙara in ta ji ƙarfe, kuma kowa ake yi wa, har manyan gari. Awarwaro, makullai, tsabar kuɗin da aka ƙulle a haɓar zani, duk suna sa ƙofar ta yi kuka, don haka a cire su tun a gida a sa cikin ƴar jaka. In ana son laluba jikinta, mace ce za ta yi, kuma tana da damar ta ce a kai ta bayan labule. Ba a cire wa dattijuwa ɗankwali a gaban maza. Bincike dole ne, ba kuma na son ma'aikacin da ke ɗaga wa wani ƙafa don ya san shi, domin rayukan duk waɗanda ke cikin jirgin ne a hannunsa. Amma tsanani a aiki bai hana a ce "Sannu Inna, kawo jakar in taya ki." Sunan da ke tikiti kuma ya zo daidai da na katin shaidarta harafi da harafi. In kati ya ce Hadizatou, kada a rubuta Hadiza. A cikin gida wataƙila a wuce da shi, a tafiyar Saudiyya kuwa yana iya hana ta hawa.

Ka nemi keken tura marasa lafiya tun lokacin sayen tikiti, aƙalla awa 48 kafin tafiya, a rubuta a cikin rajistarta. Ka faɗa musu a fili ko tana iya hawa matakala ko ba ta iyawa, domin shirin da ake yi wa kowanne daban ne. A filinmu da ƙafa ake takawa daga ɗakin jira zuwa jirgi, a kan kwalta da ke tururi da rana, iska tana fizgar mayafi. Ta ɗaure shi da kyau, ta sa takalmi mai kama ƙafa, ta bi bayan ma'aikaci, kada ta bi abin da iska ta ɗauke mata wajen farfela. Al'ada ita ce a fara shigar da masu rauni, a sauke su a ƙarshe. Ka gaya mata kunnenta zai toshe lokacin tashi da sauka, ta riƙa haɗiyar miyau ko ta tsotsi alewa, jirgin kuma zai yi ƴar girgiza da rana saboda zafin da ke tasowa daga ƙasa. In ta san da haka ba za ta firgita ba.

Idan ka raka ta, leƙa ban ɗaki. Ba na sanin fili sai na ga nan. Kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, musamman da bazara, don haka filin da ya damu da fasinja yana da tankin ajiya, buta mai tsabta, sabulu, da mutum ɗaya da aikinsa ke nan duk lokacin da jirgi ke tafe. Ka duba ko akwai wurin alwala da na salla, da ɓangaren mata. Ka duba ko akwai ruwan sha bayan an wuce bincike, tunda an karɓe na hannu a ƙofa. Ka duba ko fanka ko na'urar sanyi tana ci gaba da aiki in wuta ta ɗauke. Waɗannan ba sa buƙatar kwangilar miliyoyi. Suna buƙatar wani da zai zagaya kowace safiya da ƴar takarda yana dubawa, da shugaban da zai tambaye shi.

Game da batun ƙasa da ƙasa: Damagaram na cikin filaye uku na Nijar da ke da wannan matsayi, tare da Yamai da filin Mano Dayak na Agadas. Matsayin yana nufin jirgin da ya fito daga wata ƙasa yana iya sauka nan kai tsaye, a samu ƴan sandan iyaka, duwan da jami'an lafiya su karɓe shi. Ba ya tilasta wa kowane kamfani ya zo. Kamfani lissafi yake yi: kujeru nawa zan cika kowane mako, shekara zagaye, zuwa da dawowa? Sannan akwai sharuɗɗan aiki. Babban jirgin da ke kwasar alhazai ɗari uku zuwa Jidda, tafiyar sama da kilomita 3,000, yana son titi mai kusan kilomita 3 wanda zai jure nauyinsa, wurin juyawa da tsayawa, matakalai masu tsawo, injinan loda kaya, da man jirgi mai yawa a wurin. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta raba aikin kashe gobara mataki 10 bisa girman jirgi. Mai farfela irin ATR 72 mataki na 5 yake buƙata, Boeing 737-800 na 7, manyan jiragen alhazai kuwa na 8 ko na 9, kuma dole motocin su iya isa ko'ina a titin cikin minti 3. Kowane mataki ƙarin motoci ne, ruwa, kumfa da ma'aikata, kuma kuɗin riƙe su ba ya tsayawa bayan an gama jigilar Hajji.

Ga kuma Kano, kusan kilomita 240 ta Matamai da Daura, da filin Malam Aminu Kano mai jiragen ƙetare. Ɗan kasuwar Damagaram ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba a kan Yamai, kuma hakan yana janye fasinjan da zai cika jirgi a nan. Amma mun ga raunin dogaro da wannan hanya lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan Yulin 2023. Jihar da ke da matatar mai ta SORAZ tun 2011, da jami'ar André Salifou, da babban asibitin ƙasa, da ɗimbin maniyyata kowace shekara, ta cancanci hanyar sama da za a dogara da ita. A ganina matakin farko ba babban jirgi ba ne. Jirgin Yamai ne mai ranaku tsayayyu, wanda lokacin saukarsa ya dace da tashin jiragen ƙetare, har mutum ya iya shirya tafiyar wata biyu gaba bai ji tsoro ba. In aka samu wannan fasinja zai ƙaru, kuma yawan fasinja ne ke jawo sauran.

Ana auna inganci da lissafi, ba da jin daɗin baki kaɗai ba. Ƙungiyar filayen jiragen sama ta duniya, ACI, tana da tsarin tambayar fasinjoji a ɗakin jira su ba da maki daga 1 zuwa 5 kan tsabta, ladabin ma'aikata, sauƙin gane hanya da tsawon jira. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA tana ɗaukar minti 10 zuwa 20 a layin awon kaya, da 5 zuwa 10 a layin bincike, a matsayin daidai. Ƙaramin fili yana iya yin wannan da littafi da agogo: jirage nawa suka tashi cikin minti 15 na lokacinsu, nawa aka soke kuma me ya sa, jakunkuna nawa aka bari, ƙorafi nawa aka amsa. Da za a liƙa wannan a bango kowane wata, da Hausa da Faransanci, da an daina yawan jita-jita. Tambayar ma da baki ya kamata a yi ta, domin takardar Faransanci ba ta jin ra'ayin irin su Inna, alhali su suka fi buƙatar hidimar.

Mu mutanen gari ma muna da namu kason. Shingen fili ba don ado aka yi shi ba. Wanda ya yanke waya don gajerce hanya ko shigar da awaki kiwo ya jefa jirgi cikin haɗari, kuma kowace dabba da aka gani a titi jinkiri ce. Juji da wurin yanka kusa da fili suna tara shirwa da sauran tsuntsaye, tsuntsu ɗaya kuwa in ya faɗa injin yana iya tsayar da jirgi kwanaki. ICAO tana ba da shawarar a sa ido kan irin waɗannan wurare har kilomita 13 kewaye da fili, wanda a wurinmu ya haɗa da garin kusan duka. Wannan aikin magajin gari ne da masu unguwanni.

Ranar tafiya ku isa awa biyu kafin lokaci, bayan ka kira wakilin kamfanin da safe ka ji ko jirgi ya taso. Ta karya kumallo mara nauyi, ta sha maganinta. Ka rubuta sunanta, lambarka da lambar wanda zai tarbe ta a Yamai a takarda, da manyan haruffa, ka sa a jakar hannunta. Ka gabatar da ita ga ma'aikacin da zai tura kekenta, ka gaya masa Hausa kaɗai take ji. Kada ka bar filin sai ka ga jirgin ya ɗaga, domin yakan faru a shigar da mutane a sake sauke su. Daga nan ka kira Yamai ka faɗa musu lokacin da ya tashi.

In lokacin Umara ya zo, ku bi ta kamfanin da COHO, hukumar shirya Hajji da Umara, ta amince da shi, a yi mata allurar sanƙarau da ta shawara da wuri a karɓi katin rigakafi, a tabbatar fasfonta yana da sauran aƙalla wata 6. In daga Damagaram za ta sake tashi don ta kama jirgin Saudiyya, tikiti biyu ne daban, kuma kamfani na biyu ba zai jira ta ba ko ya biya ta in na farko ya makara. Ta sauka Yamai kwana biyu kafin ranar, musamman in tafiyar ta faɗo cikin watannin hazo. Allah ya ba Inna lafiya, ya kai ta ya dawo da ita lafiya.